Wasiƙun Tsofaffin Taurari da Shekarun da Harshena Ya Ɗaure

An haife ni a Fagge, cikin Kano, a shekarar 1959, kuma sana'ar mahaifina ita ce rubuta wa mutane wasiƙa. Yana da ɗan tebur da benci a kusa da gidan waya, inda fatake da leburori da iyayen da 'ya'yansu suka tafi neman kuɗi Ikko ko Kumasi suke zuwa su faɗa masa abin da ke ransu, shi kuma ya zuba shi a takarda, da boko ko da ajami, gwargwadon karatun wanda za a aika wa. Idan na taso daga makaranta, aikina shi ne manna kan sarki da jefa wasiƙu a akwati. Doka ɗaya ce ya kafa mini tun ranar da na fara zama a gefensa, wato abin da kunne ya ji a kan bencin nan ba ya bin mutum zuwa gida. Na ji bashi, na ji saki, na ji roƙon gafara tsakanin wa da ƙane, amma ko mahaifiyata ba ta taɓa jin ɗaya daga cikinsu daga bakinsa ko nawa ba.

Kamar sauran yaran unguwarmu, ni ma silima ta ɗauke mini hankali, musamman finafinan Indiya da ake nunawa a Plaza. Ina ɗan shekara goma sha uku na roƙi Baba ya rubuta mini wasiƙa da Turanci zuwa ga wani jarumi a Bombay, ya yi dariya ya rubuta, kuma bayan wasu watanni sai ga amsa ta zo, hoton jarumin ne da sa hannu a ƙasansa. Na zagaye unguwa da shi kafin in kawo wa Baba. Ya jiƙa ɗan yatsansa da yawu ya goga a kan rubutun, tawadar ba ta motsa ba, sai ya miƙo mini ya ce, “Ɗana, wannan ba hannunsa ba ne, tare da hoton aka buga shi.” Na yi fushi da shi a ranar, ban san cewa ya ba ni darasin farko na abin da zai riƙe ni bayan shekaru talatin da wani abu ba.

A 1983 na tafi Ingila karatun aikin akanta. Ban daɗe ba tattalin arzikin Nijeriya ya shiga wani hali, kuɗin da ake turo mini ya fara jinkiri, daga baya ya yanke gaba ɗaya, dole na ajiye karatu na shiga aikin dare, daga wanke-wanke a gidajen abinci zuwa gadi, har Allah ya sa na samu aikin tuƙin motar bas a Manchesta. Kunya ta sa wasiƙuna zuwa gida suka riƙa gajarcewa, domin ban san yadda zan rubuta wa mutumin da ya fi kowa gane abin da ke ɓoye a bayan jimla cewa ɗansa akanta direba ne ba. Ya rasu a 1991, a lokacin da takardun zamana ba su daidaita ba, don haka ban samu zuwa ko da ta'aziyya ba. Bayan shekaru uku na koma gida na yi aure, na taho da matata, Allah ya ba mu 'ya'ya uku.

A shekarun kaɗaicin nan na farko ne na saba da tsofaffin finafinan Turawa marasa launi, waɗanda talabijin yake sakawa da rana lokacin da masu aikin dare suke farke. Waɗanda suka fi kwanta mini su ne 'yan barkwancin nan biyu, siriri da mai ƙiba, Stan Laurel da Oliver Hardy, saboda dariyarsu ba ta buƙatar mutum ya iya Turanci sosai. Wata Lahadi, a wata kasuwar tsofaffin takardu da ake ci a zauren taro, inda ake sayar da kan sarki da taswirori da katunan gaisuwa na da, na ga wata gajeriyar wasiƙa da aka buga da tafireta, da sa hannun Laurel da tawada a ƙasa. Amsa ce ya ba wani mai sha'awar wasanninsa, ba ta ƙunshi komai ba sai godiya da ɗan bayani a kan lafiyarsa. Kuɗinta ya kusa kai albashina na mako guda, amma na saya, na sa ta a cikin jakar takarduna, na kuma manta da ita shekaru masu yawa.

A lokacin sanyi na 2006, ina da shekara 47, na tashi sallar asuba sai ƙafata ta dama ta ƙi ɗaukata. Na buɗe baki in kira matata, abin da ya fito ba magana ba ce. Na daɗe da sanin ina da hawan jini, kuma likitoci suka ce gudan jini ne ya toshe wata jijiya a ɓarin hagu na ƙwaƙwalwata, inda a wurin yawancin mutane cibiyar magana take, shi ya sa ciwon ya haɗa mini shanyewar ɓarin dama da ɗaurewar harshe a lokaci ɗaya. Wanda bai taɓa shiga wannan hali ba yakan zaci mai shi ya rasa hankali ne, alhali hankalina yana nan daram, ina jin duk abin da ake faɗa a kaina, na san abin da nake son cewa, amma kalmomin sun zama kamar kayan da aka kulle a ɗaki aka tafi da makullin. Hausa ce ta fara dawo mini, a gutsure, sannan surorin da na haddace tun ina yaro, waɗanda suka riƙa fita sumul ko da ba na iya faɗin sunan ɗana. Turanci kuwa, wanda da shi nake neman abinci, ya yi nisa ƙwarai. An karɓe lasisin tuƙina, aikin ya tafi, matata da ba ta taɓa aikin albashi ba ta shiga aikin kula da tsofaffi don ta cike giɓin da kuɗin tallafi ya bari.

Ba zan ɓoye ba, watannin farko a gida su ne mafi duhu a rayuwata. Abokai sun zo dubiya a makonnin farko, suna ɗaga murya idan za su yi mini magana kamar kurma, daga baya ƙafa ta ɗauke, kuma ban ga laifinsu ba, domin zama da wanda ba ya iya mayar da zance yana da nauyi. Malamar da asibiti ya turo don ta koya mini magana mace ce mai haƙuri, sai dai kayan aikinta katuna ne masu hoton kyanwa da ƙwallo da cokali, ni kuma magidanci mai 'ya'ya uku idan na kasa faɗin sunan cokali a gaban baƙuwa sai hawaye su zubo mini, in juya fuska bango. Wata rana ta ce wa matata ta nemo wani abu da nake so da kaina, ko mene ne, mu yi aiki da shi. Matata ta shiga ɗaki ta fito da wasiƙar nan ta Laurel. Jimlolinta gajeru ne, bugun tafireta ne mai tsabta, kuma babban mutum ne yake yi wa babban mutum magana. Da ita na fara haɗa baƙi a Turanci karo na biyu a rayuwata.

Babban ɗana ne ya bincika a intanet ya gaya mini cewa shi ma Laurel ya gamu da irin ciwona a 1955, ya kuma samu sauƙi, sannan a watan Satumba na 1956 abokin wasansa Hardy ya gamu da wanda ya fi tsanani, ya rasa magana, ya kwanta har ya rasu a watan Agusta na 1957. Daga nan Laurel bai sake yarda ya fito a wani fim ba. Ya ƙare rayuwarsa a wani ɗan madaidaicin gida a Santa Monica, a gaɓar teku a jihar Kalifoniya, lambar wayarsa tana cikin littafin lambobi kamar ta kowa, yana zaune a gaban tafireta yana amsa wasiƙun mutanen da bai taɓa gani ba, har ya rasu a watan Fabrairu na 1965. Da na ji haka sai na ce a sake karanta mini wasiƙar, domin yanzu na san ko wane ne ya buga ta da kuma abin da ya riga ya wuce ta kansa kafin ya zauna bugawa.

Daga nan tarin nawa ya samu alƙibla. Wasu masu tara wasiƙu suna bin jarumi ɗaya, wasu suna bin kamfanin fim ɗaya ko zamani ɗaya, ni kuwa na bi marasa lafiya. Na nemi wasiƙun jarumar fim Patricia Neal, wadda jijiyoyi suka fashe mata a ka a watan Fabrairu na 1965, a daidai watan da Laurel ya rasu, tana da shekara 39 kuma tana da juna biyu, ta yi kusan mako uku ba ta farfaɗo ba, har wata jaridar harkar fim ta buga labarin mutuwarta bisa kuskure. Ta haifi 'yarta lafiya, maƙwabta da abokai a ƙauyen Great Missenden na Ingila suka riƙa karɓa-karɓa suna zama da ita sa'o'i a kullum suna tilasta mata magana da karatu, kuma a 1968 ta koma gaban kyamara. Na nemi na Bette Davis, wadda a 1983 aka yi mata tiyatar sankarar mama, cikin 'yan kwanaki kuma shanyewar jiki ta biyo baya, amma ta ci gaba da aiki kusan har rasuwarta a 1989. Abin da nake dubawa a wasiƙunsu ba kalmomin kaɗai ba ne. Nakan jera sa hannun mutum na kafin ciwo da na bayansa in kwatanta, in ga inda alƙalami ya yi rawa da inda aka danne shi, sannan in ɗauki biro da hannun hagu in yi nawa gwajin a takardar banza.

Sannu a hankali na koyi harkar, kuma harka ce mai cike da ramuka. A zamanin manyan kamfanonin Hollywood, wasiƙun masoya suna zuwa ne buhu-buhu, akwai ma'aikatan da aikinsu kawai shi ne amsawa da kwaikwayon sa hannun jarumi, saboda haka takarda tana iya zama tsohuwa ta gaske, ta fito daga kamfanin na gaske, amma jarumin bai taɓa ganinta ba. Duk mai tara irin waɗannan kaya ya san cewa mafi yawan sa hannun Jean Harlow, wadda ta rasu a 1937 tana da shekara 26, mahaifiyarta ce ta yi su. Wasiƙun Joan Crawford suna da yawa a kasuwa kuma ba su cika tsada ba, saboda mace ce da ta ɗauki amsa wasiƙa a matsayin wani ɓangare na aikinta, yayin da na Greta Garbo, wadda ta bar fim a 1941 ta kuma ƙi jinin sa wa mutane hannu, sun fi ƙarfin irina nesa ba kusa ba. Rubutun hannu ya fi bugun tafireta daraja, wasiƙar da aka faɗi wani abu a cikinta ta fi ta godiya kawai, kuma idan ambulan ɗin yana nan da hatimin gidan waya, to ya zama shaida. Bayan waɗannan akwai jabu tsagwaronsa. Wata marubuciya a New York mai suna Lee Israel ta ƙirƙiri wasiƙu kusan 400 da sunan shahararrun marubuta da 'yan wasa a farkon shekarun 1990, da tsofaffin tafiretoci, ta sayar wa dillalan da suka ƙware, kafin ta amsa laifinta a kotu a 1993.

Ni ma an sayar mini da jabu. Wani mai talla a intanet ya turo mini wasiƙa mai kwanan wata na tsakiyar shekarun 1950, da takardar shaida mai ado wadda shi da kansa ya rubuta. Ina nazarin adireshin da ke samanta sai na ga lambobin yanki guda biyar irin na gidan wayar Amurka, alhali ba a fara amfani da su ba sai a 1963. Irin wannan binciken ne ake yi da biro, wanda bai shiga kasuwa sosai ba sai daga 1945, don haka duk sa hannun biro a takardar da aka ce ta shekarun 1930 ce abin tuhuma ne. Kuɗina bai dawo ba. Sai dai a ranar na rubuta wa mutumin takardar ƙorafi mai shafi guda, da Turanci, ba tare da taimakon kowa ba, kuma malamar magana ta nemi in ba ta kwafi ta ajiye a fayil ɗina.

Maganar kuɗi ta kusa raba kan gidana. Matata tana dawowa daga aiki ƙafafunta a kumbure, ta tarar da sabon ambulan a kan tebur. Ta yi shiru na tsawon lokaci, sai wani dare bayan yara sun kwanta ta zauna a gabana ta ce, “Malam, ni na ɗauko maka takardar nan da hannuna, kuma na ga amfaninta, ba zan ce ka bari ba. Amma ina wanke tsofaffin mutane ne don 'ya'yanka su ci abinci, ba don mu sayi takardun matattu ba.” Ban iya ba ta amsa ba, kuma a wannan karon ba ciwo ne ya hana ni ba. Muka yi yarjejeniya cewa katin banki zai koma hannunta, za ta ware mini wani abu kaɗan a wata, idan kuma ina son abin da ya fi haka sai in sayar da ɗaya daga cikin na hannuna. Wannan sharaɗi ya mayar da ni ɗan ƙaramin dillali, ya tilasta mini buga waya da ciniki da Turawa masu saurin magana, abin da nake gudu tun da na kwanta.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi damuna, wanda na daɗe ina kauce wa tunaninsa. Duk waɗannan takardu ba ni aka rubuta wa ba. Wasiƙar da jarumi ya aika wa mai sha'awarsa ba ta da wani sirri, amma wata rana na sayi ƙunshin takardu da araha a wani gwanjo, na tarar a ciki da wasiƙun wata 'yar wasan Ingila ta shekarun 1940, wadda ba ta yi wani babban suna ba, zuwa ga ƙawarta. A ciki tana roƙon rance, tana ba da labarin abin da mijinta yake yi mata idan ya sha, tana kuma roƙon kada kowa ya ji. Na karanta su duka, sannan na kasa barci, domin irin zancen da ake yi a bencin Baba ne, ga shi ɗansa ya saye shi da kuɗi yana lissafin ribar da zai ci. Dokar Ingila da ta Amurka sun raba abin gida biyu, takardar ta wanda ya saya ce, amma haƙƙin buga kalmomin yana wurin marubucin da magadansa. Haka aka yi da wasiƙun da Garbo ta rubuta wa ƙawarta marubuciya Mercedes de Acosta, waɗanda aka ajiye a rufe a gidan tarihi na Rosenbach da ke Filadelfiya, ba a buɗe su ba sai a watan Afrilu na 2000, shekara goma cif bayan rasuwar Garbo. A ganina doka ta tsare kalmomin daga maɗaba'a ne kawai, ba ta tsare su daga idon baƙo irina ba. Da taimakon 'yata muka gano wata jikar matar, na aika mata da su kyauta. Bayan watanni ta amsa da layi biyu, ta yi godiya, ta ce iyalin sun karanta sun kuma ƙone su. Raina ya sosu, domin na san abin da ya ƙone ba zai sake samuwa ba, amma ban taɓa jin cewa ba su da ikon yin haka ba, kuma tun daga lokacin nakan tambayi dillali abin da wasiƙa ta ƙunsa kafin in taya.

A 2018, da ƙaramin ɗanmu ya shiga jami'a, ni da matata muka yanke shawarar komawa Kano, saboda sanyi yana ƙara riƙe mini ƙafa, ita ma bayanta ya gaji. Na san yawancin takardun ba za su jure ƙurar hunturu da laimar damina da gara ba, ga shi kuma muna buƙatar kuɗin rufin gidan da muka daɗe muna ginawa, sai na kai su wani gidan gwanjo. A can na ga yadda ake cin la'ada ta fuska biyu, a cire daga hannun mai sayarwa, a kuma ɗora wa mai saye kusan kashi ɗaya cikin huɗu a kan farashin da aka buga guduma. Wasu sun yi kuɗi fiye da zatona, wasu ba a ko taya su ba, domin masu sha'awar taurarin wancan zamani su ma tsufa suke yi suna ƙarewa. Da na haɗa lissafi, abin da na samu bai kai abin da na kashe ba, amma ya yi rufin ya sa ƙofofi. Duk wanda ya ce maka wannan harka hanyar ajiyar dukiya ce, ka tambaye shi ko shi ne mai sayarwa.

Na riƙe kaɗan, na Laurel da na Patricia Neal da Bette Davis. Suna cikin akwatin ƙarfe da aka ɗora a kan katako nesa da bango, kowace a cikin rigar takarda marar sinadarin da ke sa takarda ta yi ja, babu ƙusar matse takardu saboda tsatsa, babu salatif, kuma ban yarda a manne su da leda mai zafi ba ko da masu shagon hoto sun ba da shawara, domin wannan yana kashe takarda har abada. Hannuna na dama bai dawo ba, da hagu nake rubutu, maganata kuma tana da nauyi idan na gaji. Mutanen unguwa sun san tarihina, don haka idan ciwon nan ya kama wani sukan zo su ɗauke ni in je in gan shi. Abin da na fi faɗa wa iyalai shi ne su garzaya asibiti a sa'o'in farko maimakon su tsaya neman wanda ya yi jifa, su lura da maganin hawan jini, kada su yi zancen mara lafiya a kansa kamar ba ya nan, kuma su nemo masa abin karantawa ko saurare da ya dace da shekarunsa da abin da yake so, ko littafin addini ne ko jaridar ƙwallo ko lissafin shagonsa. Game da abin da ya rage a akwatin, na rubuta wasiyya cewa bayan raina 'yata ta mayar da su Ingila ta miƙa wa wani ɗakin adana takardu da zai karɓa, tare da rasit ɗin kowace ɗaya da bayanin inda na same ta.